Adwa: Kalmar da Ta Raba Kan Malamai Daga Madina Har Andalus

Manomin da ya ce awakin maƙwabci sun yi masa ta'adi a gona, da ɗan jaridar da ke rubuta labarin jam'iyyar adawa, da mai karanta labaran rediyo da ke ambaton 'yan ta'adda kullum safiya, duk tushe ɗaya na Larabci suke taɓawa, mai haruffa uku: ainun, dalun da wawun. Asalin ma'anarsa gudu da ƙetare iyaka. Dawakin da Suratul Adiyati ta ɗauki sunansu saboda sukuwa aka kira su haka. Maƙiyi ana ce masa aduwwu domin shi ne mai ƙetaro maka iyaka. Gefen kwari ko gaɓar kogi sunansa udwa, har mutanen Andalus suka riƙa kiran gaɓar Maroko da ke tsallaken teku da wannan suna.

Akwai kalma ɗaya daga wannan tushe da Hausa ba ta ara ba, ita ce adwa, wato tsallakawar cuta daga jikin mai ita zuwa jikin mai lafiya. Hausa ta wadatu da nata: a ɗauka, a kamu, a shafa wa wani, cuta ta yaɗu, 'yan jaridar yau kuma sun fi son su ce an harbu. Ga masifar da ke share gari kuwa ta ari annoba, wadda masana harshe ke mayarwa ga an-nauba ta Larabci. Amma duk wanda ya zauna gaban malami karatun hadisi ya ci karo da adwa, domin hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya kore ta, tare da camfin tsuntsaye da na mujiya da na Safar. A cikin waɗannan littattafai biyu ɗin dai kuma akwai hadisan da suka hana a cakuɗa marar lafiya da mai lafiya. Sama da shekara dubu ke nan malamai na muhawara a kan abin da aka kore: tsallakawar cutar ce ita kanta, ko kuwa wani abu da Larabawan jahiliyya ke nufi idan sun furta kalmar?

Tambayar ta taso tun a gaban Manzon Allah (SAW). Abu Huraira ya ruwaito cewa wani Balaraben ƙauye, makiyayi, ya kawo abin da idonsa ya gani: raƙuma na cikin rairayi sumul kamar bareyi, sai guda mai ƙazuwa ya shigo cikinsu, kafin a jima garken duka ya kama susa. Sai aka mayar masa da tambaya a kan raƙumin farko, wanda babu wanda ya shafa masa.

Shi kansa Abu Huraira ya bar wa na baya aiki. Ya ruwaito hadisin korewar, ya kuma ruwaito wanda ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya. Daga baya ya yi shiru da na farkon, ya riƙe na biyun. Da ɗan'uwansa Harisu ɗan Abu Zubab ya matsa masa, yana cewa ai da kunnensa ya ji shi yana faɗa, sai ya fusata har ya yi magana da harshen Habasha. Abu Salama, wanda ya ba da labarin, ya ce bai sani ba ko mantuwa ce ko ɗaya hadisin ne ya shafe ɗaya. Wannan shirun bai rage wa hadisin inganci ba, tunda ya zo ta hanyar Anas da Jabir da Ibnu Umar. Ga kuma batun kuturu: Bukhari ya kawo umarnin a guje shi kamar yadda ake gudun zaki, Muslim kuma ya kawo labarin kuturun da ke cikin tawagar Saƙif, wanda aka aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma abinsa.

Masu cewa an kore tsallakawar ce ɗungurungum suna da babban jagora, Hafiz Ibnu Hajar al-Asƙalani mai Fathul Bari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1449. A sharhinsa na Nukhbatul Fikar, ɗan littafin da ɗaliban hadisi ke karantawa har gobe, ya zaɓi a bar korewar a kan faɗinta. Umarnin nisantar kuturu, a ganinsa, toshe ƙofar ɓarna ne: kada mutum ya zauna da kuturu, Allah Ya ƙaddara masa cutar ba don zaman ba, shi kuma ya ɗauka zaman ne ya jawo masa, aƙidarsa ta gurɓace. Masu nahawu na wannan ɓangare sukan ƙara da cewa harafin korewar da ya zo a hadisin shi ne mai kore jinsi gaba ɗaya, irin wanda ke cikin kalmar shahada, kuma ba ya barin saura.

Ibnu Hajar ba daga cikin littafi kaɗai yake magana ba. Annobar ɗa'un ta ɗauke masa 'ya'ya mata uku, kuma cikin wannan baƙin ciki ya kammala Bazlul Ma'un, littafin da ya keɓe wa cutar. Hujjarsa ta ido ce, kamar ta makiyayin nan, sai dai ta fuskanci wani gefen. Cutar kan kwashe mutanen gida guda ta tsallake na kusa da su. Takan kama wanda ya yi kaffa-kaffa, ta ƙyale mai jinyar da ke kwana kusa da majinyaci. In da gaske tsallakawa take yi, me ya sa take zaɓe? Ya mayar da asalinta ga sukar aljannu, bisa wani hadisi da ke Musnadin Imamu Ahmad, kuma sunan ɗa'un ma daga kalmar sukar mashi ya samo asali. Mai rubuta cewa wane ya harbu da cuta, ko bai lura ba, kusan hoton da yake zanawa ke nan.

Akwai wata hujjar wannan ɓangare da ta fi ta nahawu nauyi, kuma masu yi musu dariya a yau ba su cika ambatonta ba. Ita ce tsoron a watsar da marar lafiya. Abu Sa'id Ibnu Lubb, muftin Garnaɗa, ya yi fatawa yana musun adwa, kuma abin da ke damunsa shi ne haƙƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa: a duba shi in ya kwanta, a wanke shi in ya mutu, a yi masa salla. Tun kafin shi Imamu Gazali ya bayyana a Ihya'u cewa in aka bar masu lafiya suka fice daga garin annoba, ba za a sami mai ba majinyata ruwa da abinci ba, sai rashin kulawa ya kashe wanda cutar za ta iya bari. Wanda ya karanta yadda a Turai, lokacin babbar annobar 1348, iyaye suka guje wa 'ya'yansu, aka kuma ƙone Yahudawa a Strasbourg a 1349 bisa zargin sun sa guba a rijiyoyi, ba zai ce tsoron nan na banza ba ne. Da zarar an yarda cuta daga jikin wani take fitowa, nuna wanin da yatsa ba ya nisa.

Ɗaya ɓangaren ya fi yawa, kuma ya riga Ibnu Hajar zuwa. Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya rubuta a Ta'awilu Mukhtalifil Hadis cewa mai daɗewa a zaune da kuturu ko mai tarin fuka yana iya kamuwa, kuma wannan abu ne da likitoci suka sani, ba camfi ba. Ibnus Salah, a Muƙaddimarsa, ya tsara maganar yadda aka fi saninta: cututtuka ba sa tsallakawa da ikon kansu, amma Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kuma sababi yakan ci wani lokaci, wani lokaci ya ƙi ci. Imamu Nawawi, a sharhin Muslim, ya ce haɗa hadisan ta wannan hanya shi ne ra'ayin mafi yawan malamai.

Hujjarsu ta farko daga kalmar kanta take. Tushen da ya ba da maƙiyi da ta'adi ba tushe ne na abin da ke faruwa haka kawai ba, akwai mai aikatawa a cikinsa, mai kawo hari. Balaraben jahiliyya, in ji masu sharhi, ya ɗauki cuta a matsayin abu mai ikon kansa da ke afka wa wanda ya ga dama, wannan ikon shi aka kore. Ga masu kafa hujja da harafin kore jinsi kuwa amsar a kusa take: harafin nan dai shi ya hau kan camfin tsuntsaye da na mujiya, amma ba wanda ya ce babu tsuntsaye ko babu mujiya. Tasirin da ake jingina musu aka rushe. Wasu malaman ma sun karanta korewar a matsayin hani, wato kada wani ya shafa wa wani, kamar yadda ayar aikin hajji ta zo da sigar korewa a kan fasiƙanci da jayayya alhali hani take nufi.

Hujja ta biyu ita ce mafi wuyar turewa. Ba a ƙaryata makiyayin ba. Ba a ce masa idonsa ya yaudare shi ba, ko raƙumansa ba su kamu ba. An bar masa abin da ya gani, aka ja hankalinsa zuwa ga wanda ya fara halittar cutar.

Sai labarin annobar Amwas. A wajen shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya kai Sarg, sai aka tare shi da labarin annoba. Ya shawarci Muhajirai, kansu ya rabu. Ya shawarci mutanen Madina, su ma haka. Dattawan Ƙuraishawa ne suka haɗu a kan a koma. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara zai yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya hana shiga ƙasar annoba da fita daga cikinta. Labarin na cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Masana tarihi na farko sun ce cutar ta ci mutum wajen 25,000, cikinsu har da Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, kuma sun ruwaito cewa ta lafa bayan Amru ɗan Asi ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu. Ɓangarorin biyu kowa na jan wannan labari wajensa: na farko su ce hanin fita tawakkali ne da tsayawa kan majinyata, na biyu su ce killacewa ce tsantsa. Warwatsuwar Amru dai da wuya a fassara ta da wani abu in ba raba jikuna ba.

Inda muhawarar ta fi zafi shi ne Andalus, bayan annobar 1348. A Almeriya, likita kuma mawaƙi Ibnu Khatima ya rubuta abin da ya gani, har da cewa 'yan kasuwar gwanjo, masu sayar da tufafi da shimfiɗun waɗanda suka mutu, kusan duk sun bi su. Duk da haka ya yi taka-tsantsan da kalmar adwa, ya mayar da komai ga ikon Allah. Abokinsa Lisanuddin Ibnul Khaɗib, wazirin Garnaɗa, bai yi wannan kara ba. A ɗan littafinsa Muƙni'atus Sa'il ya jero shaidu: tufa da ƙwarya na ɗaukar cutar, har ɗan kunne ya kashe wadda ta saka shi ya kuma shafe gidansu, garin bakin teku na zaune lafiya sai jirgi ya iso daga ƙasar annoba, wani Ibnu Abi Madyan a garin Sala ya tanadi abinci ya toshe ƙofarsa da gini, shi da iyalinsa masu yawa, babu wanda ya mutu, fursunonin Musulmi da ke tsare a ma'aikatar jiragen ruwa ta Ishbiliya sun tsira alhali birnin ya kusa ƙarewa, makiyayan da ke cikin tantuna a sahara su ma haka. Ya kammala da cewa idan zahirin nassi ya yi karo da abin da ido ya tabbatar, to nassin ake yi wa tawili, kuma fatawar da ta hana mutane kiyaye kansu ta jawo asarar rayuka.

An shaƙe Ibnul Khaɗib a kurkukun Fas a 1374, kuma masu son labari mai daɗi sukan ce wannan ra'ayi ne ya ci shi. Amma tuhumar da aka yi masa ta shafi littafinsa na sufanci, Raudatut Ta'arif, da rikicin fada wanda tsohon almajirinsa Ibnu Zamrak da alƙali Nubahi suka rura. Yarda da tsallakawar cuta ba sabon abu ba ne a wurin malaman zamaninsa.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin shaidu mafi ƙarfi a kan ra'ayin Ibnu Hajar daga alƙalaminsa ta fito. Ya rubuta cewa a annobar shekara ta 833, wato 1430, masu mutuwa a Alƙahira ba su kai 40 a rana ba. Sai aka yi shelar azumin kwana uku, jama'a suka fita sahara suka taru suka yi addu'a kamar ta roƙon ruwa. Kafin watan ya ƙare, adadin ya wuce 1,000 a rana. Shi ya kawo labarin ne don ya nuna taron bidi'a ne. Likitan yau da ya karanta zai ga wani abu dabam.

Da ilimin ƙwayoyin cuta ya zo, bai ba ɓangare ɗaya gaskiya duka ba, ko da yake ya fi karkata. A 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar ɗa'un a Hong Kong, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna ƙumar ɓera ce ke kai ta jikin mutum. Nau'in da ke fito da kaluluwa a hammata da matsematsi ba kasafai yake tashi daga mutum zuwa mutum kai tsaye ba, shi ya sa mai jinya kan tsira, wanda ya kulle kansa a ɗaki mai ɓeraye kuma ya mutu. Ashe idon Ibnu Hajar bai yi masa ƙarya ba. Amma nau'in da ke kama huhu ta tari yake tafiya, tufafin mamaci kuma maɓoyar ƙwari ne, don haka idon mutanen Andalus ma daidai ya gani. Ƙazuwar raƙumi kuwa wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ke haƙa cikin fata, kuma gogayya kaɗai ta isa ta kai shi jikin wani raƙumin.

Kada a ɗauka Musulmi kaɗai suka yi wannan jayayya. Kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen faɗin tsallakawar cuta daga Latin ta fito, tushenta taɓawa, kuma Girolamo Fracastoro ya rubuta littafi a kanta tun 1546, amma bayan shekara ɗari uku manyan likitocinsu na nan suna cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo kwalara, 'yan kasuwar da killace jirage ke ci wa riba kuma suna mara musu baya. A 1892 Max von Pettenkofer, dattijo mai shekara sama da 70, ya kurɓi ruwa mai ƙwayoyin kwalara a Munich don ya ƙaryata Robert Koch, mai cewa ƙwayoyin ne ke kawo cutar. Zawo kawai ya yi ya warke, ya kuma ɗauka ya ci gardama. Hujjarsa ita ce dai ta Alƙahira: ga wanda ya yi cuɗanya bai mutu ba.

A nan ne wannan hujja ke da rauni. Tsirar mutum ɗaya ba ta rushe sababi, kamar yadda tsirar wanda ya faɗa rijiya ba ta sa a daina rufe bakinta. Ibnus Salah ya riga ya ba da wurin wannan da ya ce sababi yakan ƙi ci. Ra'ayinsa na ɗauke hadisan duka ba tare da an tilasta wa ɗaya ba, yana kuma ɗauke abin da madubin likita ya nuna. Na Ibnu Hajar kuwa, a zamanin da ake ganin ƙwayar cutar ido da ido, yana buƙatar mutum ya musanta abin da ya gani, abin da ba a nemi makiyayin ma ya yi ba.

A 2020 cutar korona ta dawo da tsohuwar muhawarar. Saudiyya ta dakatar da umara a ƙarshen Fabrairu, hajjin shekarar kuma mutum wajen 1,000 kacal suka yi. An tabbatar da korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka rufe gari, a Yamai kuma matasa suka yi bore a kan hana sallar jam'i. Hadisin korewar ya koma bakin mutane, labarin Sarg ma haka. Sai dai galibin masu jan hadisin a lokacin ba matsayin Ibnu Hajar suka riƙe ba. Shi bai taɓa cewa a shiga garin annoba ko a yi watsi da umarnin nisanta ba, dalilin umarnin kawai ya fassara dabam, kuma shi ne ma mai sukar taron addu'a lokacin annoba. A aikace shi da Nawawi hukunci ɗaya suke bayarwa. Abin da ya fi tunzura jama'a a Kano da Yamai shi ne rashin yarda da hukuma da kuma yunwar zaman gida, aka ara wa fushin rigar nassi.

Inda ɓangaren farko ke da sauran magana har yau shi ne kuturta. Gerhard Hansen ya gano ƙwayarta a Bergen ta ƙasar Norway a 1873, daga baya bincike ya nuna wajen kashi 95 cikin ɗari na mutane jikinsu ba ya karɓarta, kuma sai an daɗe ana zama tare take kamawa. Duk da haka ita aka fi gina wa sansanoni. A Arewa, wuraren kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato sun koma hannun 'yan mishan na SIM a ƙarshen shekarun 1930. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba haɗin magungunanta kyauta, kuma wanda ya fara sha yakan daina yaɗa ta ba da jimawa ba. Amma har yanzu ana samun sababbin masu ita kusan 200,000 a duniya kowace shekara, kuma abin da ma'aikatan lafiya suka fi kuka da shi shi ne jinkiri: mutum ya ga tabo mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓi, ya rufe shi da riga don kada a daina cin abinci da shi ko a fasa auren 'yarsa, ba zai zo asibiti ba sai jijiya ta mutu, yatsu sun lanƙwashe, lokacin da magani zai kashe ƙwayar amma ba zai mayar da hannun yadda yake ba.